Kwaɗo na Sha Uku

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe 11:20 na safe

A rajistar ɗakin gwaji kwaɗi goma sha biyu gare ni. Na sha ukun ba ya cikin rajista. Yana sa takalmi lamba arba'in da uku, yana minshari, kuma uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Shekaranjiya Baba maigadi ya shigo mini da shi ta ƙofar baya, jini ya bushe masa a goshi, rigarsa ta direban motar asibiti a yage har cibiya. Auta ke nan, ƙanena, shekara talatin da takwas, wanda tun yana rarrafe ba a taɓa ce masa bari ya bari ba. An ce kada kowa ya ɗauki waɗanda aka kayar a bakin gada ranar rikici. Ya ɗauka, har sawu uku. Yanzu 'yan ƙyalle, samarin nan masu ɗaure damtse, suna yawo da hotonsa a waya. Abin da suke yi wa wanda suka kama na gan shi da idona, ba labari aka ba ni ba.

Ina rubutun nan a bayan littafin awo. Shekara ashirin da biyu ina cika irin littattafan nan, ko Farfesa da yake sa hannu a ƙarshensu bai taɓa buɗe tsakiyar ɗaya ba. Babu maɓoya a garin nan da ta kai su.

Na sa shi a ɗakin duhu. Taku shida ne a tsaye, huɗu a kwance, ba taga, bango baƙi, ƙofa biyu a jere, sai ka rufe ta farko kafin ka buɗe ta biyu. Akwai benci, da firji, da kanta mai akwatunan kwaɗi, da jar fitila wadda haskenta bai fi na garwashin da toka ta rufe ba. Babu wurin ɓuya a ciki. Duhun ne kaɗai.

Ɗazu ya tambaye ni, karo na farko a rayuwarsa, wai ni ainihi mene ne aikina. Na gaya masa can bayan ido akwai tantani siriri kamar fatar albasa, a jikinsa akwai wani launi mai ruwan hoda. Littattafai suna kiransa rodofsin, mu a nan launin gani muke cewa. Shi ke kama haske. Haske ya taɓa shi sai ya koɗe kamar zanen da aka manta a rana, a duhu kuma ya sake taruwa a hankali. Ni aikina in auna yawan launin a idon kwaɗo, in auna ƙanƙantar hasken da idon zai iya ji, in ga yadda ɗaya ke bin ɗaya. Sai ya ce, "To Yaya, kwaɗin ne suka kawo ƙara cewa ba sa gani?"

Talata, 5 ga wata, ƙarfe 5:45 na yamma

Dokar hana fita daga ƙarfe shida. Na iso gida da sauran minti ashirin.

A mararraba sun fito da mai gyaran agogo daga rumfarsa. Su huɗu, da rodi. Sun fara da akwatin gilashinsa, suka koma kansa. Ya ɗaga hannu ya kare fuska, na ji ƙarar hannun. Na san ƙarar, don ina jin ƙaramarta a wurin aiki. Ɗaya daga cikinsu yana duka yana cin rake, bai ko ajiye ba. Mutane muka yi ta wucewa ta ɗaya gefen titi, kowa ya gano wani abu mai ban sha'awa a kan takalminsa. Ni ma na gano nawa.

Maiɗakina ta lura ina sayen burodi biyu ina kawo ɗaya gida. Ta tambaya ko kwaɗin sun fara shan shayi. Na ce sabon bincike ne. Ta dube ni irin duban da take wa mai kifi idan ya rantse na yau ne, ta ce, "Malam, 'ya'ya mata biyu gare ka." Da na buɗe jakata sai na ga tawul, da aidin, da bargon da muke ajiye wa baƙi.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Dole aiki ya ci gaba. Muddin fitilar saman ƙofa tana kunne kuma ana ganina da farar riga, ɗakin duhu ɗakin aiki ne. Don haka yau na ɗauki biyu.

Ana kwana da su a akwati baƙi don launin ya cika ido fal. Sannan a duhu, da lalube, ka riƙe shi a hagu, babban yatsa ya nemo ɗan lungun da ke bayan ƙoƙon kai, almakashi babba ya shiga, sau ɗaya. In ka yi sau biyu ka zalunce shi. Sai ka ciro ido, ka tsaga, ka ɗago tantanin cikin ruwan gishiri. Na yi wannan ya fi sau dubu biyu, ba na ma tunani. Auta, wanda ya sha ɗaukar mutane da hanjinsu a hannu, ya juya ya yi amai a bokiti. Da ya goge baki ya ce shekara ashirin ina yanka a duhu, su kuwa a gida suna kirana salihi.

Sakamakon yau irin na kullum ne, kuma har yanzu yana ba ni mamaki. Idan ka koɗar da kashi ɗaya cikin goma na launin, hankali zai ce gani ya ragu da kashi ɗaya cikin goma. Ina! Faɗuwa yake ninkin ba ninki. Launin da ya koɗe ba ya tafiya salin alin, yana zama a ciki yana hayaniya kamar hasken yana nan, har ido ya kasa jin ƙaramin haske na gaskiya. Ɗan kaɗan ya lalace, saura duka su kurmance. Na so in ce wa Auta wannan ya yi kama da wani gari da na sani, sai na ji ya fara minshari.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Harbi daga wajen tashar mota tun sha ɗaya. Kwaɗi goma, da ɗaya.

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma

Sun je gidan Inna jiya. Sun ɓalle ƙofa, sun farke katifu, sun cinna wa babur ɗin Auta wuta a tsakar gida. Matarsa ta riƙe wa ɗaya riga, ya ba ta gindin bindiga a baki. Haƙora biyu. Ta nuna mini su a cikin murfin kwalba, ban san me take so in yi da su ba. Inna ta ƙi tashi daga kujerarta, sai suka kifar da ita da kujerar gaba ɗaya. Shekararta saba'in da huɗu. Kafaɗarta ta kumbura, ta hana a taɓa.

Ta tambaye ni ko na san inda autanta yake. Na yi gyaran murya na ce ban sani ba. Ta ce tun ina ɗan firamare in zan yi ƙarya sai na yi gyaran murya. Ta kalli toka inda babur yake, can ta ce, "To, Allah ya tsare can inda ba ka sani ba ɗin. Yana cin abinci?"

Na ce yana ci.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe 2:15 na rana

Sun zo. Su biyar, da tsakar rana.

Shugabansu bai wuce talatin ba, siriri, mai tsabta, baƙin tabarau a fuska. Yaransa suna ce masa Oga, ni zan kira shi Tabarau. Ya gaishe ni da ladabi har da tambayar iyali, yaran kuwa suna bayansa suna kifar da kabad. Ɗaya ya ɗaga madubin ƙara girma da muka shekara shida muna roƙo, ya leƙa ta gindinsa, bai ga komai ba, ya maka shi da bango. Baba maigadi ya ce su yi a hankali, aka mare shi har hularsa ta faɗa cikin kwatami.

Da suka iso ƙofar ɗakin duhu ɗaya ya kunna tocila. Na ce masa bismilla, amma a ciki akwai kwalba mai ruwan ƙasa, abin da ke cikinta idan farin haske ko tartsatsi ya taɓa shi, ginin nan sai dai a nuna inda yake a da. Ruwan gishiri ne a kwalbar. Allah ya taimake ni a daidai lokacin wani kwaɗo ya yi kuka daga ciki, yaran suka ja da baya, kowa ya tuna yana da abin yi a waje. Tabarau ya yi murmushi, ya miƙa musu bindigarsa da wayarsa, ya cire tabarau, ya ce in shige gaba.

Minti huɗu muka yi a ciki, na ƙirga da bugun zuciyata, don haka wataƙila uku ne. Auta yana tsugune a lungun da ke tsakanin firji da kanta, taku uku daga gwiwar mutumin. Tabarau ya buge da benci, ya yi tsaki, ya miƙa hannu yana lalube ya taɓa akwati mai sanyi ya janye. Da nan abin ya tsaya da yanzu ina murna.

Sai ya ce, "Malam, kai ta yaya kake aiki a nan? Ni ko tafin hannuna ba na gani."

Shekara ashirin da biyu ina bayanin nan ga ɗalibai masu hamma. Ban taɓa samun wanda ya yi tambayar da kansa ba, da muryar mai son sani. Bakina ya buɗe ban aike shi ba. Na ce ai daga rana ya fito, launin idonsa a koɗe yake. Na ce bayan minti goma zai fara ganin inuwar abubuwa. Na ce bayan rabin awa, a kashe jar fitilar ma, wancan ɗan koren ɗigon da ke jikin firji ya ishe shi ya ƙirga akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya. Har da misali na ba shi.

Ya ce, "Rabin awa." Ya yi mini godiya ƙwarai. Ya ce yau sauri suke.

Ƙarfe 2:50

Baki shi ke yanka wuya. Auta ya ce saura in ba shi littafi ya tafi gida ya yi bita.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe 12:00 na rana

Na liƙe koren ɗigon da baƙin tef jiya kafin in tafi. Da safe na tarar da tef ɗin a ƙasa, goshin Auta ya sake fashewa. Ya ce da hasken ya ɗauke gaba ɗaya sai mutanen bakin gada suka shigo suka zauna a kan benci, har da wanda ya bari don mota ta cika. Ya buga kansa da bango don su fita. Mun yi yarjejeniya: ya ɓare idan shi kaɗai ne, ya mayar da ya ji ƙofar farko. Na kuma ce masa duk ranar da ya ji na ce rufe ido, ya rufe, kada ya tambaye ni dalili. Ya ce to. Na san wannan to ɗin tun yana ɗan shekara uku.

Kwana goma sha ɗaya a duhu, yanzu da ɗigon nan yana iya ganin zaren da ya fita a maɓallin rigata. Idonsa ya cika fal. Da kwaɗo ne da na yi alfahari da shi.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe 3:30 na yamma

Sun ɗaure Baba maigadi a jikin get tun ƙarfe tara. Tambaya ɗaya suke masa: wa ke cin burodi na biyu? Ya ce shi. Suka ce tsoho mai haƙori huɗu? Ya ce yana jiƙawa. Da wayar lantarki suka fara, daga baya suka kawo rodi. Wajen sha biyu ya daina amsawa, ba su daina tambaya ba. Ƙarfe ɗaya da kwata suka kwance shi, ya zube kamar wanki. Bai sake tashi ba.

Shi ne yake gaida kwaɗi idan an kawo sababbi, ya ce sannunku da zuwa, baƙin Malam. Shekara goma sha tara yana buɗe mini get.

Ina tsaye a tagar baranda daga farko har ƙarshe. Akwai kofin shayi a hannuna. Ban sauka ba. Na rubuta ne don kada nan gaba in gyara labarin.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Auta ya tambaya me ya sa bai ji tarin Baba ba yau. Na yi gyaran murya.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe 5:10 na yamma

Maiɗakina da yara da Inna da matar Auta sun tafi wurin yayar maiɗakin nawa, tafiyar yini guda. A bakin mota maiɗakina ta gyara mini wuyan riga, ta ce in ci abinci, ta ce in ban fito da ƙanena ba kada in zo mata, in kuma na mutu a kan haka ba za ta yafe mini ba. Na ce to wanne zan zaɓa? Ta ce ni ne mai ilimi.

Dogo, abokin Auta mai tuƙa babbar mota, ya aiko. Ranar Juma'a da sassafe zai ɗauki siminti daga sito na bayan layin dogo, akwai gurbin mutum ɗaya tsakanin buhuna. Mutum ɗaya. Kada mu zo kafin yammacin Alhamis, 'yan dako suna nan kuma ba duka ya sani ba. Saura kwana biyar.

Farfesa ya kira daga can inda ya tsere tun makon farko. Ya tambayi lafiya a gurguje, sannan ya ce yana fata ban bar awon ya tsaya ba, akwai taro a wata mai zuwa. Na ce kullum ina ciki. Ya ce sakamakon fa? Na ce yana nan kamar yadda muka zata, ɗan kaɗan ya koɗe saura su kurmance. Ya ce madalla, madalla.

Kwaɗi takwas, da ɗaya.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Yanzu su ke gadin get. Sun sami burodi a aljihun farar rigata, an yanka shi siriri kamar wasiƙa. Ɗaya ya taka shi, biyu suka riƙe ni, aka sa hannuna na hagu a bakin ƙofar mota aka rufe. Sau biyu. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Na yi wani kuka da ban san ina da shi ba.

Sai ga Tabarau. Ya yi musu faɗa, ya ce ba a yi wa malami haka. Ya ɗaure mini hannun da hankicinsa, ya tambaya da wane hannu nake aiki. Na ce dama. Ya ce to an gode Allah. Ya ce aiki ne ya yi masa yawa kwanan nan, amma ya gwada abin da na koya masa, ya zauna a banɗakinsa ya toshe ƙasan ƙofa da tawul. "Gaskiyarka, Malam. Har sabulu na gani."

Ɗalibi na farko da ya taɓa yin aikin gida ba a sa shi ba.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe 3:00 na yamma

Na cire gilashin kariya daga gaban fitilar koɗarwa, wadda muke haska wa tantani idan muna son launin ya mutu duka a bugu ɗaya. Ban san me ya sa na cire ba. Na sani.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe 4:40 na yamma, a sito

Ina rubutu a kan buhun siminti. Dogo ya zage mu don mun zo da wuri, sannan ya dubi rigata ya daina.

Tabarau ya zo ɗakin gwaji sha biyu da minti biyar. Ya bar yaransa a mota ƙarƙashin bishiyar gaba, rediyo a kunne, ya ce musu ko sama za ta faɗo kada wanda ya taɓa ƙofar nan sai ya fito da kansa. Ya ba su bindiga da waya. Wuƙa kawai ya bari a ƙugu. A tsakanin ƙofofin biyu ya ce mini ya san zancen kwalbar nan ƙarya ne, amma idan gaskiya ne fa? Ya yi dariya. Ya ce kuma shi ya fi son ya gani da idonsa, yadda na koya masa.

Ya zauna a kan kujerata, ya sa na tsaya a bakin benci, ya ce in kashe jar fitilar. Na kashe. Duhu ya rufe ruf. Can ya ce, "Malam, ina ɗigona kore?" Na ce ya lalace. Na ji ya tashi, na ji tafinsa yana shafa jikin firji, na ji ƙarar tef yana ɓarewa. Hannunsa bai fi kamu biyu daga kan Auta ba. Ya koma ya zauna.

Ya yi ta hira. Ya ce shi ma ya so ya yi karatu mai zurfi. Ya tambaya ko kwaɗo ya fi mutum gani a duhu, na ce nesa ba kusa ba. Ya tambaya ko suna jin zafi, na ce in an iya ba sa ji. Ina amsawa ina ƙirga. Minti bakwai, bakin benci ya fito. Sha biyu, kanta. Idona da nasa tare suka shigo daga haske, tare suke cika, don haka duk abin da na fara gani shi ma ya fara. Ban taɓa yin awo mai kyan wannan ba. Minti ashirin, akwatuna, ya ƙirga su da baki, takwas. Ashirin da biyar, a lungun firji akwai wani baƙi da ya fi sauran baƙi, kuma yana numfashi.

Ya daina magana a tsakiyar jimla. Kujera ta motsa. Na ji wuƙar ta fita daga kube. Ya ce, a hankali, kamar mai gaida maƙwabci, "Direba, sannu da hutawa."

Hannuna na dama yana kan makunnin fitilar koɗarwa tun minti na goma. Na ce, "Auta, rufe ido!" Na danne fuskata cikin gwiwar hannu na kunna.

Su biyun suka juyo wajen muryata. Su biyun. Shekara talatin da takwas bai taɓa yin abin da aka ce masa a karon farko ba.

Na bar ta kamar daƙiƙa biyar na kashe. Da na buɗe ido, da ɗan abin da ya rage mini, na ga Auta a durƙushe ya riƙe fuska. Tabarau yana tsaye yana saran iska, ya sami kanta, ya sami firji, yana matsawa wajen nishin Auta, saura taku ɗaya. Ya buɗe baki zai kira yaransa. A ɗakin nan mutum ɗaya ne ke gani, kuma almakashin yana inda yake kullum, a dama da kwalbar ruwan gishiri.

Daga 12:36 zuwa 12:40 ba ni da abin rubutawa. Yatsuna biyu a karye suke, amma babban yatsan hagu lafiyarsa ƙalau. Ba sau ɗaya ba ne. Wuyan mutum ba kamar yadda na saba ba ne.

Na wanke almakashin na mayar wurinsa, ban san don me ba. Na kunna fitilar saman ƙofa mai cewa ana aiki. Na yafa wa Auta bargo a ka, na riƙe hannunsa muka bi baranda ta baya, ta wajen tankunan ruwa, muka sauka cikin magudana. Har muka yi nisa ina jin rediyonsu. Oga ya ce kada a taɓa ƙofa. Yara ne masu biyayya.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Dogo ya kulle mu a ɗakin ma'auni, ya ce wa 'yan dako makulli ya ɓata. An ce jiya da yamma sun cinna wa ginin gwaji wuta, sun harbe mutum biyu a layin bayansa waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Mai wanki da ɗansa, in ji Dogo. Na sa su a nan su ma.

Kwaɗi takwas. Ban buɗe musu akwati ba.

Idon Auta yana ta ruwa. Gefe-gefe ya dawo, yana ganin ƙofa, yana ganin buhuna. Amma duk abin da ya kalla kai tsaye, akwai baƙin tabo a kansa kamar an ɗora kwabo. Kwana goma sha takwas a duhu, ƙwayar ido a buɗe har iyaka, ga fitila ba gilashi. Koɗewa tana warkewa cikin awa guda. Wannan ya kwana, don haka ƙuna ce. Ya tambaya ko zai sake tuƙi. Na ce a bari a ga likita. Ban yi gyaran murya ba, na danne shi har ya shaƙe ni.

Hannuna na dama ya ƙi riƙe kofi. Biro kawai yake yarda da shi.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe 6:50 na safe

Sun tafi. Ni sai sawu na gaba, ko na bayansa.

Kafin Dogo ya ja buhu ya rufe gurbin, Auta ya yi ta juya kai yana nemana, tabon yana bin fuskata duk inda ya kalla. Na ce kada ya kalle ni, ya kalli kafaɗata, gefen tantanin bai ƙone ba, zai gan ni da shi. Ya ce yau ma darasi? Amma ya gwada. Ya daɗe yana kallon kafaɗata, sannan ya ce ashe na yi furfura haka. Na ce a wata guda. Dogo ya ce in mun gama soyayya shi yana da hanya a gaba.

Shinge shida ne tsakaninsu da can.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Shiru.

Lahadi, 24 ga wata, ƙarfe 9:15 na safe

Mai tsaron sito ya miƙo mini waya ta ƙasan ƙofa. Maiɗakina ce. Auta ya isa jiya da yamma, fari fat da siminti, a shinge na huɗu sun caka rodi tsakanin buhuna ya yage masa cinya, bai yi motsi ba. Inna ta sa an yi masa wanka kamar jariri. Matarsa ta ɗauka fushi yake da ita don yana mata magana yana kallon bango. Sai maiɗakina ta ce ga shi, yana son magana da ni, kada in cinye wa mutane caji.

Na ji ya fita daga cikin hayaniya, na ji ya rufe ƙofa.

Ya ce, "Yaya, ranar nan ni ban ga komai ba."

Na ce na sani.

Ya ce, "Amma na ji."

Ina jin numfashinsa yana jin nawa. Ina ta neman abin dariya da zan faɗa, na rasa.

Ya ce, "Sannu, Yaya."